Hanyar da Baba Ya Haddace

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Mu ma lafiya lau. Jikarka ta fara zama, kullum ina nuna mata hotonka ina ce mata ga angonki nan tafe.

Tunda biza ta fito, ga abin da ya rage. Ka yi kwafin fasfonka ka ajiye a jaka daban. Magungunanka ka bar su a kwalinsu tare da takardar likita, kada ka juye su a leda yadda ka saba. Bakin soket ɗinmu ba irin naku ba ne, sai ka sayi adafta a shagon masu waya. Ka zo da rigar sanyi da takalmi mai taushi, don garin nan akwai tafiyar ƙafa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma akwai 'yan sane, jaka a ƙirji ake rataye ta.

Mutanen nan Sifaniyanci suke ji, Turancin tasha ba zai fisshe ka ba. Shi ya sa na haɗo maka da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasan, da kati mai adireshinmu a harshensu. Don Allah ka rataya shi a wuya. Na kuma nemi ma'aikatan filin jirgi su raka ka har ka fito.

Allah ya kawo mana kai lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, Allah ya yi albarka. Ki gaida mijinki, ki ce wa amarya ta ƙara haƙuri.

Adafta da riga duk zan saya. Kati a wuya kam, a'a. Ni da na ƙare ƙuruciyata a bayan sitiyarin babbar mota, ban taɓa sauke gilashi na tambayi hanya ba, yau a liƙa mini takarda kamar buhun aike? Ki soke maganar rakiyar nan ma.

Taswirar ce ta yi mini daɗi. Tun ina aiki, ba na kama sabuwar hanya sai na haddace garuruwanta a jere, haka nake yi yanzu. Kowace safiya ina zama a baranda in bi layin da yatsa, daga filin jirgi har tasharku, da inda ake canza jirgi. Sunayen sai karya mini harshe suke, Gwaggonki har leƙowa ta yi ta ce ko tsubbu na fara da tsufana. Amma sun zauna daram. Ki zauna gida da goyonki, ƙwanƙwasa ƙofa kawai za ki ji.

Ki huta lafiya.
Babanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Tafiyar nan a ɗage ta. Gwiwata ta tashi, kuma kin ce garin naku akwai tafiyar ƙafa. Ki ba mijinki haƙuri.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa, ya jiki? Na kira ka ba ka ɗauka ba, sai na kira Gwaggo. Ta ce gwiwarka lafiyarta ƙalau, kai ne dai ka daina fita ko ƙofar gida tun ranar da mai facin taya ya rako ka. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka ta kashe wayar.

Baba, ni ba yarinya ba ce yanzu. Hankalina a tashe yake. Me ya faru?

Ina jiran amsarka.
Auta

*

Auta,

Ina amsa gaisuwarki. Gwaggonki tun muna yara magana ba ta kwana a cikinta.

Adaftar na je saya. Na saya, na fito, na iso mararrabar da nake bi kullum, sai na tsaya cak. Ga kantin magani, ga rumfar mai faci, duk na san su, amma na rasa ta ina suke haɗuwa da ƙofata. Na ce bari in karanto hanyar yadda na saba. Abin da ya zo bakina tashoshinku ne, a jere, ko ɗaya ban tsallake ba. Ina tsaye da leda a hannu ina jero su a fili, mutane suna kewaye ni suna waiwaye.

Mai facin ne ya taso. Bai tambaye ni komai ba, ya jera da ni yana yi mini hirar tayoyi har ƙofar gida, wai dama nan ya nufa. Da dariya ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na ga likita. Ya ce ciwon mantuwa ne, a hankali zai riƙa tafiya, amma baya kam ba zai koma ba.

Kunya nake ji, Auta, irin wadda ban taɓa ji ba. Na cika miki baki a wasiƙa, alhali layinmu ma ya gagare ni. Ba zan iya zuwa a yi cigiyata da lasifika a filin jirgi ba, a gaban surukina. Na fi so ki riƙe ni yadda kika san ni.

Ki yafe mini ƙaryar gwiwa.
Babanki

*

Baba,

Na karanta, na yi kukana na share. Babu abin yafewa.

Ni ba direba nake jira ba, ubana nake jira. Idan likita ya ce abin gaba yake yi, to wannan ne dalilin zuwa yanzu, tun kana iya riƙe sunan jikarka. Ban ɗage komai ba. Zan tsaya a bakin ƙofar fitowa ni kaɗai, maigidan zai jira mu a mota.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Auta

*

Auta,

Ina zuwa. Gwaggonki ta gama haɗa jaka.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Idan na fito na dube ki na wuce, kada ki yi kuka a gaban mutane. Ki biyo ni a hankali ki ce, "Baba, ni ce." Zan yarda.

Sai na iso, in Allah ya so.
Babanki