Idon Inna a Kyamarar Hamma

Gashua

Zuwa ga yayana Hamma Uwais,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Nuraini da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta sake kumbura. Jiya na dawo daga Nguru wajen duba ta. Na ba direba wannan takarda ne don na lura da zarar na ambaci Inna a waya sai ka ce ana kiranka.

Hamma, kyamarar nan da ka bar mini ranar bikin ƙanwarmu Rahima, anya ɗan Adam ne ya ƙera ta? Ni a zatona sai abu ya kai girman tulu yake aikin kirki, ita kuwa jakar hannuna take shiga. Kelechi mai wankin hoto a bakin kasuwa ya ce ƙanƙantar tata don babu madubi a cikinta ne irin na tsofaffin kyamarori, kuma wai ba ta cikin masu tsadar gaske, tsaka-tsaki ce. To in wannan ce ta tsakiya, ta sama ai har tunanin mutum za ta ɗauko. Da na kara ido a 'yar tagarta nake ganin yadda hoton zai fito tun ban danna ba. Ran Asabar na je bakin kogi dab da magariba, masunta na jan koma, na ɗauke su ban kunna wata fitila ba. Wallahi ruwan da ke zuba daga komar tsayawa ya yi cak a iska, ɗigo-ɗigo. Na saki baki har wani tsoho ya tambaye ni ko lafiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai wani ɗan koren akwati ne da ke yawo a gilashinta. Ido yake nema. Mutum ya matsa ko ya sunkuya, yana biye da ƙwayar idonsa kamar maraƙi da uwarsa. Kuma ko ƙas ba ta yi in ta ɗauka.

Sai dai maganar da ka yi mini a tasha ta hana ni sukuni. Ka ce tun da aka haife ka Inna ba ta taɓa kallon fuskarka ba, ba ta taɓa kiran sunanka ba sai "ɗan Goggo", don haka in takardun aikinka na ƙasar waje suka fito, daga Kano za ka wuce, ba sai ka zo sallama ba. Na ce ai kunyar ɗan fari ce irin tamu ta Fulani. Ka ce ka sani, amma sanin bai taɓa rage maka zafin ba. Tsorona ɗaya ne, ka tafi ka yi shekaru, ita kuma jikin nan kullum baya yake yi.

Ka gaishe mini da kowa.
Ƙanwarka,
Wasila

Gashua

Hamma,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara? Inna da sauƙi kaɗan. Ba ka ba ni amsa ba, ni kuma ba zan iya jira ba. Kada ka buɗe hotunan da ke cikin ambulan ɗin nan sai ka gama karantawa.

Ka tuna ranar bikin, lokacin da ka miƙo mini kyamarar ka juya kana magana da abokan ango a tsakar gida? Na saita ka, na ɗora yatsa a maɓallin na danne, ina jiran in ji ƙara. Shiru. Na ci gaba da dannawa kamar mai tatsar saniyar da ba ta da nono. Ashe tuni ta fara aiki, hoto sama da goma take ɗauka kafin mutum ya ƙifta ido. Shekaranjiya Kelechi ya zuba su a kwamfutarsa yana yi mini dariya, ya ce duk sun lalace, kai ka fito dishi-dishi, a goge. Har ya ɗora hannu sai ya tsaya. Ya ce kyamarar ba ta yi kuskure ba, ƙeya ka ba ta, ita kuma ido take nema, sai ta tsallake ka ta kama wanda ta samu a bayanka.

Inna ce, Hamma. Tana bakin ƙofar madafa, rabin jikinta a bayan zana, ludayi a hannu. Kai take kallo.

Ya ƙara girman hoton har na ga kwallin idonta da layin hawayen da bai zubo ba. Muka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta fara daga hularka, ta sauko kafaɗa, ta kai har takalminka, leɓenta na motsi, kuma na san motsin nan, addu'ar da take tofa mana ce in za mu yi tafiya. A na ƙarshen ka ɗan juyo, kunnenka kawai ya bayyana, ita kuwa tuni idonta ya koma cikin tukunya. Na yi kuka a shagon mutane, ban ji kunya ba. A gidan nan na girma, da idona biyu, ban taɓa kama ta ba sai da ƙarfe da gilashi suka nuna mini.

Ban nuna mata ba, kuma ba zan nuna ba. Yanzu ka buɗe.

Taka,
Wasila

Nguru

Hamma Uwais,

Assalamu alaikum. Ina fata jirgi ya sauka lafiya, kuma baƙunta ta zo da sauƙi. Kelechi zai ɗauki hoton wannan takarda ya tura maka, tun da babu direban da ke zuwa can.

Na ga abin da ka yi, kada ka ɗauka ban gane ba. Ranar da ka zo sallama ka gaishe da Inna, ta amsa tana duban bango kamar kullum. Maimakon ka tashi, ka jawo tabarma bakin ƙofar ɗakinta, ka zauna ka ba ta baya, wai kana kallon awaki. Kai da ko akuya ba ka iya ɗaurewa! Tun daga la'asar har aka kira magariba ba ka waiwaya ba. Kyamarar na kan cinyata, ban ɗaga ta ba.

Bayan motarku ta tashi sai ta kira ni, tana gyara zanin da ba ya bukatar gyara, ta ce in na rubuta wa ɗan Goggo in gaya masa furfura ta fara fito masa a ƙeya, daidai inda ta fara fito wa babansa, ya rage sa damuwa a ransa.

To, na gaya maka. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai tana raye.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Wasila