Zabirar Baba da Wuƙar Dakar

Malam, a agaji bawan Allah, domin ƙasaitacciyar ƙwaƙwalwar nan tawa, wadda malaman Dakar suka yi wa shaidar nagarta, ta tsaya cik.

Ni ƙaramin likita ne a Magariya, ɗan Sarkin Askar wani gari a ƙasar Dungas. Mahaifina gwani ne: yakan aske kan jariri ranar suna, jaririn na barcinsa. Bana kuma na ga gwani na biyu. An kawo wata jaririya daga Waca, hanjinta ya ƙulle. Babban likitanmu, wani baƙo daga ƙasar waje da wa'adin aikinsa ya kusa cika, ya buɗe cikin, ya warware hanjin da bai kai yatsana kauri ba, ya ɗinke. Yanzu tsotso take har uwarta Shatu na neman ceto. Ni kuwa, muƙamina a wannan gagarumin yaƙi shi ne riƙe tasar kayan fiɗa.

Likitan ya samo mini gurbi in koma Dakar in ƙware a fiɗar yara. Kafin in buɗe baki, Baba ya rataya mini zabirarsa a taron suna, gaban dattawa, ya shaida musu gidajen da kakanninmu ke yi wa aski sun zama nawa. A wurinmu, mayar da zabira tozarci ne. In na tafi, na kunyata shi. In na zauna, likitan zai koma ƙasarsu, jaririn gaba kuma sai addu'a.

Naka cikin alhini mai daraja,
Sarkin Riƙon Tasa

Ɗana, ajiye manyan kalmomi ka saurara. Mahaifinka bai yi laifi ba. Ya ba ka abin da ya fi ƙauna, kuma yana tsoron gidajen nan su koma hannun baƙo. Kai ma ba gudun gado kake ba.

Kada ka mayar da zabira, kada kuma ka tafi a ɓoye. Ka kai Baba garin Waca ya ga ɗinkin nan da idonsa, domin mai aska ya san hannu in ya gani. Sannan ka roƙe shi, ta bakin amininsa, ya naɗa wani ɗan'uwanka riƙon gidajen har ka dawo, kuma shi da kansa ya sanar da dattawa. Ta haka tafiyar ta zama aikensa.

Zabirar kuwa, rataye ta ka shiga jirgi da ita. Allah ya sa hannunka ya kai na mahaifinka sanyi.