Littafin Mai Gyaran Sikeli

Zuwa ga Farfesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da ɗalibanki.

Ranki ya daɗe, ni ne mai gyaran sikelin nan. A aji uku na sakandare na tsaya. Babu wanda ya koya mini sana'a: tsohon sikelin mahauta na tsinta a bola, na kwance shi na mayar sau bakwai har ya yarda ya faɗi gaskiya. Yau ina da shago mai ƙofa biyu da ma'aikata huɗu, masu sayar da zinariya ma ni suke kawo wa nasu. Na gina gidana, na koyi Turanci daga jikin kwalaye, ban taɓa durƙusa wa kowa ba. Da ciwon nan na gado ya kama ɗana, wanda likitoci goma suka kasa ganewa sai ke, kika ce jikinsa ba ya narkar da furotin na nama da ƙwai da madara, sai ya zama guba a jininsa. Ni na auna kowace loma da ya ci shekara huɗu, na rubuta a littafin da na ba ki bayan rasuwarsa.

To yau ga ni na durƙusa. Ƙanwarsa, Auta, wadda ita ma ciwon nan ne da ita, mako uku ke nan tana kwance a ɗakin yara na asibiti, gado na shida, kusa da taga. Shekararta goma sha ɗaya, amma da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Gashinta yana zubewa a kan matashi, fatar ƙafarta tana saɓulewa. Na ce wa ƙaramin likitan da ke duba ta ya ƙara mata furotin. Sai ya zaro maƙalarki daga aljihun farar rigarsa ya kaɗa mini a fuska, wai masu bincike sittin da uku sun kafa hujja da ita, ni wa na karanta? Na ce masa ni ba karanta ta na yi ba, daga hannuna ta fito.

Ki yi wa Allah ki kira su, ki ce su ƙara mata. Shekara talatin ina awo, na san abin da bai cika ba.

Na bar ki lafiya.
Baban Auta


Zuwa ga Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa. Wasiƙarka ta same ni a ofis, na kira asibitin, na kuma ga sakamakon jinin Auta. Hankalina ya tashi kamar naka.

Amma ba zan iya ba da umarnin da kake nema ba, kuma dalilin yana cikin littafinka. Sau biyar gubar ta hau a jinin ɗanka, ta biyar ta tafi da shi. A duk biyar ɗin littafinka ya nuna bai wuce awon da muka yanka masa ba ko da giram ɗaya. Daga nan muka gane cewa a irin wannan nau'i na ciwon, awon da aka saba ma ya yi yawa, dole a rage shi da kusan rabi. Abin da maƙalar ta ce ke nan, kuma shi asibitoci a ƙasashe tara suke bi. Idan na ƙara wa Auta, ina tsoron in tura ta hanyar yayanta.

Ban taɓa ganin rubutun iyaye mai tsafta da daidaito kamar naka ba. Har yau ina nuna wa ɗalibaina shi. Ka yarda da aikin hannunka, ka ƙara haƙuri.

Allah Ya ba ta lafiya.
Farfesa


Baban Auta,

Sallama. Ina fatan ka ci abin da na bar maka, ba ruwan shayi kawai kake sha ba. Na sa takardar nan a cikin kular abincin da za a mayar maka, don na san in na kira ka a waya sai ka ce layi ba kyau.

Ɗazu da hantsi nas ta zo canza ruwan da ake ƙara mata, sai Auta ta buɗe ido ta ce, "Mama, ki ce wa Baba ya kawo mini irin na Yaya."

Na ce, "Irin me, 'yar nan?"

Ta ce, "Dafaffen ƙwai mana. Wanda yake saya masa a bakin shago, ya ce kar a gaya miki. Ni ɓawon yake ba ni in jefar."

Nas ta yi dariya ta ce, "Ka ji 'yar gata, har mafarkin ƙwai take yi." Ni ban yi dariya ba.

Shekararta biyar a lokacin, za ka ce ba ta da wayo. To ni ina da shi. Na tuna littafi biyu ne. Akwai tsohon mai jan bango, wanda duk mai ya ɓata, akwai sabon da ka kwana uku kana kwafewa kafin ka kai wa Farfesa. Na tambaye ka, ka ce ba za ka kai wa mai ilimi ƙazanta ba. Na yarda, domin na san halinka, ko takardar makarantar yara sai ka goge ta da hannun riga kafin ka miƙa.

Ina jan littafin yake? Na san ba ka ƙona shi ba, kai da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ka yarwa.

Shekara shida ina tuhumar kaina ko cokalina ne ya zarce. Wannan mu bar shi sai mun haɗu. Yanzu 'yarka ce a gabana, jiya ko kofi ta kasa riƙewa. Na binne ɗaya, Baban Auta. Ba zan binne biyu don kar a ce sarkin awo ya yi kuskure ba.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Maman Auta


Zuwa ga Farfesa,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Ga wani littafi nan mai jan bango na haɗo da wasiƙar nan. A akwatin duwatsun awo yake, a ƙarƙashin teburin aikina, shekara shida. Shi ne na gaskiya. Wanda kike nuna wa ɗalibanki kwafe ne.

Ki buɗe shafi na 41, da 88, da 130, da 152, da na ƙarshe. Ki duba gefen takarda, can ƙasa, da fensir. Za ki ga na rubuta "ƙwai 1". A na ƙarshe "ƙwai 2". Ki duba kwanan watan, ki haɗa da ranakun da aka kwantar da shi. Kwana ɗaya ne tsakani, wani kwana biyu.

In an tashi makaranta shago yake zuwa, ya zauna a kan benci. Ma'aikatana suna cin abincin rana, shi yana riƙe da robarsa ta shinkafa da aka auna, fara fat. Ba ya kuka, da ma kuka yake yi da na iya. Kallo kawai yake yi. Sai ya ce, "Baba, ko rabi." Ni da nake korar mutum daga aiki a kan giram biyu, na kasa ce wa ɗana a'a. Ranar ta ƙarshe ya zo na ɗaya a ajinsu, ya kawo takardar yana tsalle. Na saya masa biyu. Da hannuna na ɓare masa.

Hannuna bai iya barin abu bai rubuta ba, shi ya sa suke cikin jan littafin. Amma da kika ce in kawo miki, na zauna na ga in na kai shi haka, za ki karanta cewa ni na kashe shi, uwarsa ma ta ji. Sai na kwafe komai, na tsallake layi biyar. Na ɗauka layi biyar ba za su cuci kowa ba. Da maƙalarki ta fito aka rage wa Auta abinci, na ce wa kaina ragi ai ba ya kisa. Tana ƙarama ta jure. Yanzu jikinta yana son girma, ba shi da abin yi da shi, ya koma cin kansa.

Awon farko bai yi wa ɗana yawa ba, ranki ya daɗe. Ni na ƙara masa. Ki zage ni, ki kai ni kotu, duk na yarda. Amma ki fara kiran asibitin. Yau, ba gobe ba. Ki taimake ni. Ba ni da kowa sai ke.

Wassalam.
Baban Auta


Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Littafin ya iso, na duba shafukan biyar sau uku.

Na kira asibitin kafin in zauna rubuta wannan. Sun fara ƙara mata, kaɗan-kaɗan, ana auna jininta safe da yamma. Ba zan yi maka alkawari ba. Jikinta ya yi nisa, kwana uku masu zuwa su za su nuna.

Ba zan zage ka ba, ba ni da lokacin. Ban san yara nawa ake auna wa abinci da awon maƙalar nan a yanzu ba. Na rubuta wa mujallar cewa a janye maƙalar, zan kuma bi masu binciken sittin da uku ɗaya bayan ɗaya. Ni ma da laifina: na ga littafin shekara huɗu babu ɗigon mai ko ɗaya, ban tambaya ba, saboda abin da ya nuna ya yi mini daɗi.

A sanarwar za a ce an sami kuskure a bayanan iyalin mara lafiya. Ƙa'idarmu ba ta yarda a ambaci suna ba, don haka asirinka a rufe yake.

Allah Ya tashi kafaɗarta.
Farfesa


Zuwa ga Farfesa,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Yau kwana biyu. Auta ta shanye abin da aka ba ta bai dawo ba. Likita ya ce gubar jinin ba ta hau ba, ba ta kuma sauka ba, a jira gobe. Uwarta ba ta yi mini magana ba tukuna, amma ta matsa mini a kan benci.

Na gode, Allah Ya saka miki. Sai dai ban yarda da sanarwar nan ba. In kika ce "iyali", kin haɗa da matar da ba ta taɓa zarce cokali ba, da yaron da yake kabari. In kika ce "kuskure", kin yi ƙarya, domin ina sane na tsallake. Akwai wani uba a wata ƙasa da yake auna wa 'yarsa rabin abinci saboda ni, ya kamata ya san wanda zai tsine wa.

In takardar yarda ƙa'idarku take so, ki aiko in sa hannu. Ga sunana nan a bayan takardar nan da manyan baƙaƙe, har da na mahaifina, kada a ɗauka wani ne.

Ki rubuta shi.