Iccen da Na Dasa a Kanki

Zuwa ga Zulai,

Assalamu alaiki. Ina roƙon Allah Ya sa makwancinki ya fi inda muke sanyi. Na san ba direban da zai kai miki takardar nan. Ko da ranki ma ba karantawa za ki yi ba, dariya za ki yi wa ajamina, ki ce kaza ce ta bi ta kan tawada. Amma cikina ya cika, kuma in ba ke ba wa zan gaya wa?

Gida lafiya lau. Ina nan bakin iyaka da facin tayata, cikin rumfar da kika sani. Tun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan motoci ba su yankewa. Manyan motoci na fitowa daga daji maƙare da icce, su nufi gidajen burodin Katsina, jarkokin fetur kuma na ƙetarawa arewa. Wallahi Zulai, yau a Jibiya fetur ya fi ruwa sauƙin samu. Mata na tonon gulbi har su ɓace cikin rami kafin su ga danshi. Zafin ma ba wanda kika sani ba ne. Kwalta laushi take yi, tayoyi na fashewa, ni kuma ina samun na cefane. Zafin da ke ƙone geron mutane shi ke ciyar da ni, kuma abin yana ba ni kunya.

Kowa da abin da yake cewa ya jawo. Liman ya ce zunubanmu ne. Malamin gandun daji ya ce itatuwan da muka sare ne, mu bar kowane toho da ya fito a gona, mu kuma dasa sababbi. A rediyon mai shayi kuma na ji wai hayaƙin injuna da motocin duniya ne ke taruwa a sama yana riƙe zafi. Ni mai faci ne, ban san gaskiyar ba. Amma wuni nake cikin hayaƙin nan, in na ɗaga kai na ga sama fayau ba alamar hadari sai gabana ya faɗi. Wani lokaci da tsakar rana, in kwalta ta fara ƙyalli kamar ruwa, sai in hango mace tafe daga arewa da ƙwarya a ka. In ajiye famfo in miƙe. Na san ba ke ba ce, amma sai na miƙe ɗin.

Ta hanyar nan kika tafi, shekarar yunwa, za ki kai wa iyayenki ɗan hatsi a ƙauyenku na tsallaken iyaka. Zazzaɓi ya kama ki can. Kafin labari ya iso ni har an rufe ki. Wanki Mamman ne ya nuna mini wurin, da fasasshen tulu a kai. Sai na karɓo ɗan bedi, wato dogon yaro, wurin malamin gandun daji, na dasa ta wajen kanki.

Zulai, ƙauyenku babu shi yanzu. Rijiya ta ƙafe, kowa ya watse, Mamman na Kano yana gadi. Rairai ya cinye dangogi, ya cinye tulunan da ke kan kaburbura, har naki. Da ba don iccen nan ba, ni kaina ba zan iya nuna inda kike ba. Shi ya sa duk Juma'a in an sauko masallaci nake ɗaure jarkar ruwa a keke in ƙetara. Da fari masu tsaron iyaka kan buɗe su sunsuna, suna zaton fetur ne. Da suka gaji sai suka sa mini suna mai fasa-ƙwaurin ruwa. Jandarman can ɓangaren ma yanzu iccen yake fara tambaya kafin ya tambayi lafiyata. 'Yan ƙauyenku in sun zo ziyara daga iccenki suke kwatance. Wani tsoho ya ce mini uwarsa na gabas da ke, ya tsaya nan ya yi addu'arsa.

To, ga maganar ɗiyarki. Har yau in zan ambace ta gabanki sai in ji nauyi, don ke ba ki taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, sai dai ki ce yarinyar nan, ki kau da kai. Ta girma, ta ɗauko tafiyarki. Bara ta tambaye ni ko kin so ta, don ita ba ta tuna ranar da kika kira ta ko kika ɗora ta a cinya. Me zan ce? Na gaya mata furar da maƙwabciyarmu ke ba ta kullum ke kike damawa, ki miƙa ta kan danga don kada a ce kina ji da 'yar fari. Sai ta ce tana son ganin inda kike. Kin san mata ba su shiga maƙabarta. Sai na yi mata alkawari, ranar da iccen ya yi tsawon da za a hango shi daga bakin hanya zan kai ta. Tun ranar ita ke shiga ramin gulbi ta cika jarkar, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Bana ya kai. Juma'ar da ta wuce na ɗauke ta a bayan keke, jarka a cinyarta. Muka tsaya daidai inda nake hango koren kansa. Na duba, ban ga komai ba. Na ce ko ƙyallin rana ne ya ɗauke mini ido. Na bar ta bakin hanya, na saɓi jarkar na shiga.

An sare shi, Zulai. Kututture kawai na tarar, ko gwiwata bai kai ba.

Can gaba kaɗan na ga wani tsohon makiyayi durƙushe gaban raƙumarsa. Ta kwanta ta kasa tashi, haƙarƙarinta duk a waje, yana tura mata ganyen a baki. Na nufe shi raina a ɓace, ban san abin da zan yi masa ba. Da na gaya masa iccen kabarin matata ya sara, sai ya ja rawani ya rufe ido. Ya rantse bai san maƙabarta ba ce. Ta ina zai sani? Me ya rage da zai nuna masa? Kwanaki yana tafe, wannan ne kore na farko da ya gani. Leɓensa duk ya tsage. Na ba shi ya sha, sauran na juye a gindin kututturen.

Da na fito, tana nan tsaye ta kare ido da hannu, har lokacin tana nema. Na so in nuna mata wata ƙaya can nesa in ce ga shi, bakina ya ƙi. Na gaya mata gaskiya, na nuna mata saitin da yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi, ta fuskanci rairan nan da ba komai a kansa, ta yi sallama, ta ce, "Inna, ni ce Sa'adatu."

Kin ji ta? Tun ranar maganar ba ta bar kunnena ba.

Malamin gandun daji ya ce bedi na tohowa in saiwarsa na da rai. Amma iska ba ta hutawa, rairai kuma ya riga ya fara taruwa gefen kututturen. Ban san wanda zai riga wani ba, tohon ko rairan. In rairan ne, ina zan tsaya in gaishe ki? Ina tsohon nan ɗan ƙauyenku zai nemi uwarsa? Tsoro nake ji, Zulai, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ce kin rasu. Waccan ranar akwai inda aka nuna mini.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Dawowar da nake yi gida da azahar ina cewa yunwa, ba yunwa ba ce. Waƙar da kike yi a bakin turmi nake zuwa ji, in tsaya bayan danga har ki gama.

Sa'adatu ta riga ta cika jarkar, tana nan jingine bakin ƙofa. Jibi Juma'a. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa in same ki inda na bar ki.

Ni ne mijinki,
Ilu mai faci, bakin iyaka, Jibiya.