Abin da Ya Sami Ubaidullah a Birmingham

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Inno sauƙin ƙafarta. Mu nan jiki lafiya, 'yata Umaima har ta fara tafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma na kasa faɗa miki a waya.

Maganar ƙaninmu Ubaidullah ce. A gidan da yake haya a Fallowfield akwai wata Baturiya, Chloe, ita ta haɗa shi da wasu matasa masu cewa ba su yarda da kowace irin hukuma ba. In za su fita zanga-zanga, kowa baƙaƙen kaya yake sawa ya rufe fuska, don kada a gane wanda ya yi da wanda bai yi ba. Su bar waya a gida, su rubuta lambar lauya a damtse. In aka kama ɗayansu, sai su yi ca su fizge shi.

Kwanakin baya suka tafi Birmingham zanga-zangar adawa da korar 'yan gudun hijira, wani cikinsu ya fasa gilashi. 'Yan sanda suka yi musu zobe a titi ɗaya, ba shiga ba fita, tun hantsi har la'asar, ana ruwa, ko fitsari babu inda za a yi. Daga baya aka riƙa sakinsu ɗaya-ɗaya. Ubaidullah ya dawo yana ganin ya sha. Sai da aka kwana biyu 'yan sanda suka ƙwanƙwasa masa ƙofa da hoto, ga shi yana janye Chloe daga hannun ɗan sanda. Yaya, baƙaƙen kayan sun ɓoye kowa ban da shi, don hannunsa kaɗai ne baƙi a hoton.

Yanzu yana kan beli, jami'a ta dakatar da shi daga karatun injiniyan da yake yi, lauya kuma ya ce in kotu ta same shi da laifi, bizarsa ta tafi. Na ce ya kai ni wurin babbansu in roƙe shi ya sa baki. Ya ce ai ba su da babba, abin da suke alfahari da shi ke nan. Chloe ta zo gidana ta yi ta kuka. Ita gargaɗi aka yi mata, tana zuwa lacca.

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce yarinyar ihu take yi, hannunsa ne ya riga shi tunani. Ban ga mafita ba, wallahi. Ki samu Kawu Ɗan'azumi ku zauna da Inno, ku faɗa mata a hankali ta daina gaya wa maƙwabta injiniya zai dawo.

Ki gaishe min da Abdurrahim da Nana A'isha. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Asama'u