Ƙaguwar Kwatar Waitiri

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Yau ma ya koma kwata. Na zagaya baya in shanya wanki, kafin in dawo ƙofa a buɗe, bokiti babu. Sai da rana ta take ya shigo, baƙin taɓo har cinya, wata leda manne a ƙwaurinsa, da ƙaguwa uku a bokiti. Ya dire min a bakin kicin yana murmushi, wai a dafa da madarar kwakwa.

Ƙaguwar kwatar Waitiri. Kwatar da masai ɗin rabin unguwar nan ke tsiyaya a cikinta. Sai da na yi amai a bayan tankin ruwa.

Da tiyo na wanke shi a tsakar gida kamar mota. Apakuki ke nan, mijina, mutumin da a da ba ya fita sai ya goge takalmi. Da na gama ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Tun Kirsimeti bai kira sunana ba.

Laraba, 6 ga Maris

Wari yau kamar an buɗe kabari. Teku ta cika ta turo mana duk abin da muka aika mata.

Shekara arba'in da biyar ina shaƙar wannan. Lokacin da ya je nemana a tsibirinmu Kadavu cewa ya yi yana da gidan siminti a babban birni Suva, da famfo a ciki. Bai ce a kan juji aka ɗora gidan ba. Shi ya fi kowa sani kuwa, tun da shi ne ya tuƙa tifar hukumar gidaje lokacin da ake cike fadamar. Ƙasa kaɗan, sauran duk sharar birni: gwangwani, fasassun kwalabe, mushe. Har gobe in na haƙa rami zan shuka rogo sai kwalba ta fito.

Suka sare tiri kaf, itacen nan mai tsayawa da ƙafafu a ruwan gishiri, sannan suka sa wa unguwa suna Waitiri, wai ruwan tiri. Kan tudu aka ba manyan ma'aikata, mu aka jera mu a tsakiya, gida jikin gida, in maƙwabci ya yi tari ka ji. Can ƙasa kuma masu gidajen kwano suka zo daga baya suka zauna a kan laka ba wanda ya gayyace su. Komai gangarowa yake. Na tudu ya zubo mana, namu ya zubar wa na ƙasa.

A garinmu yashi fari ne har ido ya yi ciwo.

Asabar, 9 ga Maris

Ya yi fitsari a kujerar falo. Ya ce yaran maƙwabta ne.

Lahadi, 10 ga Maris

Ban je coci ba. Wa zan bar wa shi?

Maƙwabciyata Bimla ta leƙo ta katanga da roti, irin gurasarsu, a faranti. Ta riga ni zama a nan, don surukinta ne ke kiwon shanu a kan tudu kafin a yi gidaje. Ta ce ranar Litinin ta hango shi a bayan kasuwa yana gaya wa masu sayar da gwaza su matsa, sun zauna masa a kan rafi. Dariya take har da hawaye. Da ta ga fuskata ta daina.

Wai gaskiyarsa ce, rafin nan ne ya bi ta ƙarƙashin kasuwa. Tana amarya a nan suke wanki, ana hango kifi a ƙasan ruwa. Na ce to ta je ta yi wankin yanzu mana. Ta ce, "Maman Waisale, ke dai bakinki bai tsufa ba."

Ba rafi nake gani ba ni. Famfas nake gani da mushen kare.

Alhamis, 14 ga Maris

Waisale ya zo daga birnin Lautoka. Ɗan da na haifa a gidan nan, ya shigo yana toshe hanci da hankici. Uban ya miƙe ya ba shi kujera yana sunkuyar da kai, ya ɗauka fasto ne.

A kicin muka yi maganar. Ya samo wa uban gurbi a wani gidan tsofaffi a wajen gari, akwai katanga, akwai masu kula. Ni kuma in tafi Kadavu wajen ƙanwata Lanieta in huta. Gidan nan a sa haya. Ya ce, "Mama, tun ina yaro kike cewa za ki bar unguwar nan. Ga hanya ta samu." Jirgin ruwa farkon wata mai zuwa.

Na ce to. Ban ma bari ya ƙarasa ba.

Kafin ya tafi ya sayo sarƙa da kwado ya ɗaure ƙofar waje, ya ba ni makulli. Wai kafin ranar kada tsohon ya jawo mana abin kunya. Bai tsaya cin abinci ba, kifin da na soya yana nan.

Asabar, 16 ga Maris

Na fito da akwatin da na zo da shi. Ƙasansa duk ya yi fumfuna. Komai a unguwar nan ruɓewa yake, har abin da ke kan kabad.

Talata, 19 ga Maris

Tun da aka sa sarƙar yake tsaye a ƙofa riƙe da bokiti. Ba ya jijjigawa, ba ya faɗa. Tsayuwa kawai, yana leƙen titi ta tsakanin ƙarafa. In na kai masa shayi sai ya ce yana sauri, ruwa zai cika.

Ya daina ci. Jiya ya yi kashi a wando a tsaye a wurin, bai ko motsa ba. Ina wanke shi ina kau da kai, ina jin ƙyamarsa har cikin haƙorana, ina kuma jin ƙyamar kaina. Fatar cinyarsa ta saki kamar tsohuwar riga.

Na yi masa tsawa. Na ce babu rafi, babu tiri, kai ka binne su da tifarka, kwata ce, kashin mutane ne. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, matata za ta zo ta ɗauke ni."

Jumma'a, 22 ga Maris



Na bar makulli a jikin kwado da na karɓi burodi wajen mai mota. Laifina ne. Ina cikin wanka na ji ƙarar sarƙa. Kafin in ɗaura zani ya ɓace.

Ranar babbar cikar teku kuma. Ruwa ya haye titin ƙasa, baƙi, da kumfa a kai. Na duba inda ya saba shiga kusa da gada, ba shi. Na je tashar bas, ba wanda ya gan shi. Wasu 'yan zaman banza da ke shan yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, a rumfa tun da safe suka ce, "Kaka, ango ya gudu ne?" Allah ya so hannuna babu komai.

Bimla ce ta biyo ni da lema tana haki. Ta ce in daina bin titi, shi ba titi yake bi ba. Muka bi rafin yadda ta tuna shi. Ta bayan kasuwa, ta gefen cocinmu inda ginin ya tsage ya karkace, ashe a kan ruwa yake zaune. Muka ratsa filin ƙwallon makaranta, wanda ba ya bushewa ko da rani. Ta ce a nan ne rafin ke yin gwiwa. Daga nan sai gidajen kwano, inda ban taɓa sa ƙafa ba duk zamana a unguwar nan. Katako aka shimfiɗa a kan laka, masai a tsaye a kan ruwa, yara tsirara suna wasa a gefe. Wata mata ta ce ta ga tsoho da bokiti, har ta ba shi ruwa ya sha. Sun san shi. Suna ce masa Kakan Ƙaguwa. Ashe nan yake zuwa.

A ƙarshen gidajen, inda kwata ke shiga teku, akwai sauran tiri. 'Yan kaɗan, kowane reshe da leda a rataye. Ban san sun rage ba.

Yana ciki, ruwa har ƙirji, ya ɗaga bokiti sama da kai. Abin da ke yawo kewaye da shi ba zan rubuta ba. Na kira shi Baban Waisale, bai juyo ba. Maza biyu suka fara cire riga, amma ruwan na ƙaruwa ina gani, kuma na san in baƙo ya kama shi zai yi kokawa. Na shiga. Sanyi, santsi, wani abu mai laushi ya taɓa min ciki. Na rufe baki gam.

Da na kama hannunsa ya juyo ya dube ni sosai.

"Vasemaca," ya ce. "Kin iso. Jirgi bai wahalar da ke ba?"

Na ce a'a.

Ya nuna min wajen tudu da haɓa. "Can za a yi namu. Ni nake zuba ƙasar da kaina, na zaɓa mana inda ruwa ba zai kai ba. Kada ki damu da warin, na ɗan lokaci ne."

Na ce to, mu je ka nuna min. Ya biyo ni kamar ɗan rago.

Asabar, 23 ga Maris

Kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. An ɗinke a asibitin unguwa, an yi mana allura mu biyu. Nas ɗin ta tambaya me ya kai tsohuwa kamata cikin kwata. Na ce iyo nake koyo.

Na yi wanka har sabulu ya ƙare, har yanzu ina jin warin a gashina. Zanin na ƙone shi.

Ya koma ce min baiwar Allah.

Litinin, 25 ga Maris

Bokitin bai sake shi ba har gida ranar nan, da ƙaguwa biyu a ciki. Bimla ta ce in kawo. Ta mayar da su kwata, ta sayo wasu a kasuwa, na bakin kogin Rewa, ta zuba a bokitin ta miƙo ta katanga. Na dafa a gabansa da madarar kwakwa da albasa.

Ya cinye. Ya tsotse ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, romo na bin gemunsa, yana tauna da baki a buɗe. Ya nemi ƙarin rogo. Yana ci yana ba ni labarin wani Samisoni da tifarsa ta nutse a laka har taga, aka kasa ciro ta, aka zuba ƙasa a kai. Wai tana nan ƙarƙashin ofishin gidan waya. Shekara arba'in da biyar bai taɓa gaya min wannan ba. Ko ƙarya ce, oho.

Alhamis, 28 ga Maris

Waisale ya bugo. Ya ji labari wajen 'yan coci, masu bakin da ba ya rufuwa. Faɗa yake, wai da mun mutu mu biyu fa, wai gobe ma zai iya zuwa ya kai shi. Na tambaye shi ko akwai ruwa kusa da gidan tsofaffin. Ya ce wane irin ruwa kuma, tudu ne, ga ciyawa a share, ga tsabta. Ya ce ƙofarsu ba a barin ta a buɗe ko minti ɗaya, ba kamar wasu ba.

Na ce ƙafarsa ba ta warke ba tukuna. Ya ce ai akwai nas a can. Na ce ana kirana a waje.

Lanieta ma ta aiko, ta share min ɗaki, tagarsa na kallon teku.

Lahadi, 31 ga Maris

Fasto ya yi wa'azi a kan tsabtar zuciya. Ni ina kallon tsagar bango. Bimla ce ta zauna da shi.

Laraba, 3 ga Afrilu

An cire masa zaren ɗinki. Jirgi ya tashi jiya. Na gaya wa Waisale allurar ce ta kumbura min hannu, ba zan iya ɗaukar kaya ba, a bari sai wani watan. Ya ce gurbin ba zai jira ba. Na ce to.

Na je kasuwa na sayo masa dogayen takalman roba saboda ƙafar. Na haɗa da wasu ƙanana daidai ƙafata, tun da titinmu ma ba ya shiguwa in an yi ruwa.

Wajen tsakar rana teku ta janye, muka fita. In ban bi shi ba wani aikin zai jawo min. Ni na riƙe bokiti. Warin yana nan yadda yake, ƙudaje har cikin kunne, na ga ɓera kamar kyanwa. Matar nan ta gidajen kwano, Torika sunanta, ta fito min da kujera na zauna a bakin laka, na ce masa iyakarsa gwiwa. Ya ji. Bai kama komai ba.

A hanyar dawowa ya tsaya a filin ƙwallo ya rasa gabas da yamma. Na ce ta nan rafin ya karya, bi ta hagu. Ya dube ni ya ce, "Ashe ke 'yar nan ce." Muka bi ta hagu.

Gobe sai wajen azahar ruwa zai janye, in ji Torika. Sai in yi wanki da wuri.