Sandata da Gudun da Ya Raba 'Ya'yana

Ni Riyasat Ali Khakwani na Multan nake wannan rubutu, hankalina garau. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ta gaji mana, zuciyar da ta tsufa tana jan kulob ɗin kurket na unguwarmu! Ko ɗar ba na ji. Ɗoki ma nake, kamar ranar da na fara shiga fili.

1. Sandata ta buga kurket na ba 'yata Mahnoor tun ina raye, kada wanda ya tura baki. Da ita na ci maki ɗari a Lahore, rana na dukan ƙeya, aka ɗauke ni a kafaɗa har tasha, mahaifiyarku ta raba halawa layi guda. 'Yata, ki riƙa shafa mata mai. Ke kaɗai kika gaji idona.

2. Gonar mangwaro a raba yadda shari'a ta ce.

3. Taimur da Shahzeb, ku ne ciwona. Tun wasan ƙarshe da aka fitar da Taimur a tsakiyar gudu kuka daina gaisawa, ɗaya ya shigo gidana ɗaya ya fice. Ina wurin, na gani. A kurket masu bugu biyu ke gudun musayar wuri don cin maki, mai ganin ƙwallo shi ke kiran a gudu. Ƙwallo bayan Taimur ta tafi, don haka kiran gudu na Shahzeb ne, shi ke ganinta. Taimur, ka kira abin da ba ka gani ba. Shahzeb, ka yi gum ka tsaya. Laifin naku ne ku biyu, ni kyaftin na yanke, magana ta ƙare.

Marigayi Gulzar, abokin buguna, in ya ce "Taho, malalacin banza!" ko ƙwallon ba na dubawa, sai gudu. Dutsen kabarinsa ya karkace, ku gyara tare.

4. Ranar da za a ɗauke ni, Taimur ya kama makara ta gaba, Shahzeb ta baya. Hanyar maƙabarta duk kwana ce da ramuka, na gaba ke gani. Taimur, wannan karon kiran naka ne. Shahzeb, ka amsa da ƙarfi yadda jama'a za su ji.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku riƙe ƙanwarku. Gudu ɗaya ya rage mini, kada ku bari a fitar da ni a tsakiya.